Ruwa Garau, Guba a Ciki: Yadda Folima Mai Ƙofofi Ke Kama Dalma da Zaiba

A watan Maris na 2024 aka fara kai yara asibiti a ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato da wata cuta da ta ɗaure wa ma'aikatan lafiya kai. Cikin yaro ya kumbura ya tara ruwa, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama. Zuwa farkon Afrilu, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum 164, huɗu sun rasu, kuma akasarinsu yara ne 'yan shekara 4 zuwa 13. Shugaban hukumar, Dakta Jide Idris, ya shaida wa manema labarai cewa an ga dalma da wani ƙarfe mai suna kuromiyam a jinin waɗanda aka fara gwadawa.

Daga Isa zuwa Shinkafi ba wata tafiya ba ce. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta kowa ce, auratayya ta haɗa su, fadama ta haɗa su. Don haka ba wanda ya yi mamaki da kwamishiniyar lafiya ta Zamfara, Dakta Aisha Anka, ta sanar a watan Mayu cewa irin wannan cuta ta ɓulla a Shinkafi da Maradun da Gusau, kuma ana danganta ta da ruwan da mutane ke sha. Ganin ƙarfe a jinin mara lafiya bai isa hujjar cewa shi ya kumbura masa ciki ba, likitoci ma ba su ce haka ba. Amma a Zamfara duk wanda ya ji an ambaci dalma sai gabansa ya faɗi, domin jihar ta taɓa ganin abin da idonta.

A Maris ɗin 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da jijjiga da suma, an ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau amma shiru. Da aka auna jininsu sai aka ga dalma. Dutsen zinariyar da ake kawowa gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida, ashe cike yake da ita. Yara aƙalla 400 suka rasu cikin 'yan watanni. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma kaɗai, binciken da aka yi da masana daga hukumar CDC ta Amurka ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda. Sunayen Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru da Bagega sun shiga jaridun duniya.

Ƙura ce ta yi mafi yawan wannan ɓarna, ƙurar da yaro ke shaƙa, da wadda yake kaiwa baki da hannunsa yana rarrafe. Amma ruwa ma bai tsira ba. A ƙarshen damina ta 2010, wata tawaga ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta zo da kayan awo ta bi ƙauyukan. Ta tarar ruwan rijiyoyi ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, a wani wurin ma ya ninka ta fiye da sau goma. Kududdufai, inda ake wanke garin dutse kuma dabbobi ke sha, sun fi muni. Sai dai ba ta sami dalma a ruwan burtsatse ba. Ma'anar wannan a fili take: gubar daga sama take faɗawa ruwa, ta bakin rijiya marar murfi, ta guga da igiyar da aka ajiye a gurɓatacciyar ƙasa, ta kwararar ruwan sama.

Waɗancan ƙauyuka suna kudu da yammacin jihar. Kaura Namoda da Zurmi da Shinkafi suna arewa, a bakin kogin Gagare da na Bunsuru, waɗanda ke gangarawa su shayar da Rima. Amma dutsen zinariya a buhu yake tafiya, a bayan babur, kuma rashin tsaro ya watsa mutane da sana'o'insu ko'ina. Ban da haka, ba daga ma'adinai kaɗai dalma ke fitowa ba. Tana cikin tsohon batirin mota da na sola da ake fasawa a bayan gari, tana cikin wasu fenti, tana cikin tozali. Sannan akwai abin da ke ƙara wa yaran wannan yanki haɗari: a watan Yuni na 2024, MSF da ma'aikatar lafiya sun auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin ɗari na fama da tamowa. Jikin yaro dama yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, idan kuma ya rasa sinadarin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, hanjinsa sai ya riƙa ɗaukar dalma a madadinsu.

Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha ita ce kashi 10 cikin biliyan ɗaya. A tankar ruwa mai lita 10,000, wannan bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Ba ta canza launin ruwa, ba ta sa shi wari, ba ta canza masa ɗanɗano. Uwa za ta tace ruwan da ƙyalle mai tsabta, ta jefa alif ya kwanta, ta tafasa, ta zuba a randa ya yi sanyi, kuma duk ta yi daidai, domin waɗannan suna maganin laka da ƙwayoyin cutar kwalara da gudawa. Alif da garin 'ya'yan zogale suna iya kwantar da dalmar da ke manne da laka. Amma wadda ta riga ta narke ta zama ɗaya da ruwan, ƙyalle ba ya tare ta, sinadarin kulorin ba ya kashe ta tunda ba rai gare ta ba, tafasawa kuwa ƙara mata kauri take yi, saboda ruwan ne ke tashi ya bar ta a tukunya.

A nan ne folima mai ƙofofi ta shigo.

Folima ba baƙuwa ba ce a gidan kowa. Duk abin da aka gina daga ƙananan sinadarai iri ɗaya da suka sarƙu da juna suka yi dogon zare, shi ne folima. Leda folima ce, haka bokitin roba da igiyar nailan. Auduga ma folima ce, sai dai ita Allah ne ya halicce ta, haka sitacin rogo da ƙaro. Bokitin roba ba ya yoyo saboda zarurrukansa sun matsu sun toshe. Abin da masana suka koya shi ne yadda za a ɗaure zarurrukan nan ta yadda ba za su iya matsuwa ba, sai su bar ramuka a tsakaninsu. Suri ne misalin da ya fi kusa: daga waje tudun ƙasa ne kawai, amma da za a fasa shi a shimfiɗa bangon kowane lungu da saƙo da gara ta haƙa, da sai faɗinsa ya ninka abin da ido ya gani nesa ba kusa ba. A 2009 masana a Jami'ar Jilin ta ƙasar Sin suka haɗa wata folima mai suna PAF-1. Giram ɗaya nata, ɗan farin gari da bai taka kara ya karya ba, faɗin bangayen cikinsa ya kai murabba'in mita 5,600, wato ya haura rabin hekta.

Faɗi kaɗai ba ya kama ƙarfe. Sai an dasa wa bangayen nan wasu ƙananan sinadarai masu aikin ƙugiya, waɗanda ke barin ruwa ya wuce amma su cafke ƙarfen da ke yawo a cikinsa. Gwanintar duka tana wajen zaɓen ƙugiyar, kuma amsar ta daɗe tana cikin tandun kwalli. Tozali na asali, dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, ba komai ba ne illa dalma da farar wuta da suka haɗu suka zama abu ɗaya. Dalma da zaiba, wato farin ƙarfen nan mai gudu da masu wankin zinariya ke kama gwal da shi, duka biyun suna da matuƙar son farar wuta. Shi ya sa suke cutar da mutum: sunadaran da ke tafiyar da aikin jiki da yawa suna ɗauke da farar wuta, sai zaiba ko dalma ta manne musu ta hana su aiki. Kuma shi ya sa maganin DMSA, wanda MSF ta riƙa bai wa yaran Anka da Bukkuyum, yake da ƙugiya biyu ta farar wuta a jikinsa. Yana shiga jini ya riƙe dalmar ya fita da ita ta fitsari. Yara 3,549 aka yi wa wannan magani tsakanin 2010 da ƙarshen 2021. Abin da folima ke yi shi ne wannan aikin, amma tun ruwan yana waje, kafin ya shiga cikin yaro. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin magani yana fitar da dalma daga jini amma ba ya mayar da abin da ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwa.

Dabarar ta girmi yawancin masu karanta wannan rubutu. A 1935 wasu Turawan Ingila biyu, Adams da Holmes, suka gano cewa garin faifan garmaho da aka farfasa yana iya musayar sinadarai da ruwa, daga nan suka haɗa rezin na farko, wato folima mai wannan aikin musaya. A 1944 aka yi wa irin da aka fi amfani da shi yau rajista a Amurka, daga baya kuma aka koyi yi masa manyan ƙofofi. Wanda ya taɓa leƙa cikin doguwar tukunyar tace ruwa a wasu masana'antun ruwan leda ya ga abin: ƙananan ƙwayoyi ne masu launin zuma, ba su kai ƙwayar gero ba, masu santsi a hannu, idan suka zube a daɓe sai sun kayar da mutum. Kowace ƙwaya tana riƙe da sinadarin gishiri marar cutarwa. Ruwa na ratsawa, sai ta saki nata ta karɓi ƙarfen da ke cikin ruwan. Idan ta ƙoshi, a wanke ta da ruwan gishiri ko asid ta koma aiki, a yi ta maimaitawa shekara da shekaru. A garin Flint na Amurka, inda dalma ta shiga ruwan famfo bayan an canza mashaya a 2014, ƙananan matatu na gida aka raba wa jama'a suka riƙe su kafin a canza bututu.

Matsalar tsohon rezin ita ce ba ya zaɓe. Ruwan rijiya cike yake da sinadaran da ba su da illa, irin waɗanda ke sa sabulu ya ƙi kumfa su kuma bar farin dabbare a gindin buta. Waɗannan sun ninka dalma sau dubbai a cikin ruwa, don haka su ke cika gurbin, rezin ya ƙoshi da abin da ba shi aka aike shi kamawa ba. Duk binciken shekarun nan a kan wannan yake: folimar da za ta kau da kai daga dubu ta kama ɗaya.

A 2014 ƙungiyar Farfesa Shengqian Ma a Jami'ar Kudancin Fulorida ta ɗauki PAF-1 ɗin nan ta dasa masa ƙugiyoyin farar wuta. Sakamakon ya ba da mamaki. Giram ɗaya ya riƙe zaibar da ta fi shi nauyi, kuma ya sauko da ita daga kashi 10 cikin miliyan zuwa ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin biliyan, ba tare da ya damu da sauran gishirin da ke cikin ruwan ba. A 2018 kuma ƙungiyar Farfesa Wendy Queen a birnin Siyon na Suwizalan ta bi wata hanya. Ta ɗauki wani gini mai ƙofofi da aka yi da baƙin ƙarfe, daga dangin da ake kira MOF, ta saƙa folima a cikin ramukansa. Giram ɗaya ya kama miligiram 394 na dalma, ko 1,634 na zaiba, kuma an gwada shi a ruwan kogin Ron da na tekun Bahar Rum, ba a ruwan kwalba kaɗai ba. Wannan ƙungiya ta kuma haɗa wani irinsa da ke tsamo zinariya daga ruwa, abin da ya kamata masu ma'adinai su sa wa ido. Dangin MOF ɗin ne suka jawo wa mutum uku kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025, cikinsu har da Omar Yaghi, ɗan Falasɗinawa 'yan gudun hijira da ya tashi a Amman, a gidan da ruwan famfo ke zuwa sau ɗaya a mako ko biyu.

Waɗannan duka abin sha'awa ne, amma PAF-1 da sinadarai masu tsada ake haɗa shi, kaɗan-kaɗan, a ɗakin da ba a barin iska ko danshi su shiga. Ba shi ne zai zo garuruwan yankin nan irin su Moriki ko Kurya ko Badarawa gobe ba. Wanda ya fi kama da na talaka shi ne aikin Justin Chalker na Jami'ar Flinders a Ostireliya. Shi farar wuta ya ɗauka, wadda matatun mai ke tara tsibi-tsibi sun rasa yadda za su yi da ita, ya narkar da ita a zafin da ya kai kusan digiri 180, ya zuba mata man girki, har ma wanda aka gama suya da shi. Kafin haɗin ya daskare sai ya cuɗa shi da gishirin miya. Da ya huce ya zama wata roba mai ruwan ƙasa, sai aka farfasa ta aka wanke da ruwa. Gishirin ya narke ya fita, kowace ƙwayarsa ta bar rami a inda ta zauna. An wallafa wannan a 2017, kuma robar tana kama zaiba a ruwa, a ƙasa, har da tururinta a iska. Tun asali masu haƙar zinariya na gargajiya aka yi wa tunaninta, domin su ne suka fi kowa sakin zaiba a duniya. Farar wuta, mai da gishiri duk ana samunsu a kasuwar Kaura. Sai dai ba aikin madafi ba ne: narka farar wuta na iya fitar da iska mai kisa, kuma robar ta fi ƙarfi a kan zaiba fiye da dalma.

Akwai kuma folimar da gona ke bayarwa. Layin dogon da ya iso Kaura Namoda a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi, kuma ɓawon gyaɗa, da zaren auduga, da totuwar masara, da buntun shinkafar fadamar Shinkafi, duk sinadari ɗaya ne ya gina su, kuma da ƙofofinsu aka halicce su. A yadda suke, kamunsu kaɗan ne, kuma suna ruɓewa su ɓata ruwa. Amma idan aka gasa su da asid irin na lemon tsami, yakan dasa musu ƙugiyoyin da ke kama dalma. Masana a ƙasar Sin sun daɗe suna dasa wa auduga farar wuta don tsamo zaiba daga ruwa. A nan gida, Farfesa Emmanuel Unuabonah na Jami'ar Redeemer's ya haɗa farar ƙasa da 'ya'yan gwanda ya samar da abin da ke kama dalma da kadmiyam, aka wallafa a 2013. Ɗaliban kimiyyar sinadarai a Zariya da Kano da Sakkwato sun rubuta kundaye masu yawa a kan irin wannan. Abin takaici, akasarinsu a kwalbar gwaji suke farawa kuma a nan suke ƙarewa: a narka dalma a tataccen ruwa, a zuba garin, a girgiza, a auna, a sami kashi casa'in da wani abu, a ɗaure kundi a ajiye a kanta.

Ruwan da ake tona yashin Gagare a ɗebo da rani ba tataccen ruwan gwaji ba ne. Yana da laka da ke toshe ƙofofin folima cikin kwanaki idan ba a fara tace shi da yashi ba. Yana da ruɓaɓɓen ganye da ke riƙe ƙarfen ya hana ƙugiya kama shi. Tsaminsa na canzawa daga damina zuwa rani, kuma idan tsami ya yi yawa folima takan saki abin da ta kama. Danshi da zafi suna sa ƙwayoyin cuta su yi gida a cikin matatar. Mafi haɗari duka, matatar da ta ƙoshi ba ta nuna alama. Ruwa zai ci gaba da fitowa garau, iyali su ci gaba da sha da kwanciyar hankali, alhali dalmar na wucewa. Sannan ita kanta folimar da ta cika ta zama guba a dunƙule. Idan aka watsar da ita a juji, yara suka yi wasa da ita, ko aka ƙona ta, an dawo inda aka fara, ko ma a ce gara jiya.

Wurin da aka fi kusa da warware waɗannan matsaloli shi ne yankin Bengal, a Indiya da Bangaladash, inda miliyoyin mutane suka sha gubar arsenik daga ruwan burtsatse. Tun 1997 Farfesa Arup SenGupta na Jami'ar Lehigh, tare da wata kwalejin injiniya da ke kusa da Kalkata, suka fara ɗaura doguwar tukunyar tacewa a bakin famfon tuƙa-tuƙa na ƙauye, ba lantarki, ba zuba magani kullum. Daga baya suka ƙirƙiro ƙwayoyin folima da aka cusa wa ƙurar tsatsar ƙarfe a cikin ramukansu, domin arsenik tsatsa yake so. Abin da ya raya aikin shi ne tsarin da ke kewaye da tukunyar. Famfo ɗaya na shayar da gidaje ɗari biyu ko fiye. Kowane gida na biyan ɗan kuɗi a wata. Akwai kwamiti, akwai mai kula da ake biya, ana kai ruwan awo a kai a kai. Idan ƙwayoyin suka ƙoshi, ba a ƙauye ake wanke su ba, sai a kai su wata cibiya guda inda ake wanke na kowa a killace dattin. Wannan tsari bai yi nisa da yadda unguwa ke haɗa kuɗin gyaran burtsatse ko man janareto ba. Matata a bakin rijiyar unguwa, da mutum ɗaya da aka san sunansa yana kula da ita, ta fi dacewa da arewacin Zamfara fiye da ƙananan matatu dubu da za a raba gida-gida a ranar biki a tafi.

Kafin a kai ga matata kuwa, sai an san abin da ke cikin ruwan, domin ƙugiyar zaiba daban, ta dalma daban, kuromiyam kuma wani nau'insa ba ya kamuwa da ko ɗaya daga cikin biyun sai da rezin na musamman. Awon ba sihiri ba ne. Kwalbar roba mai tsabta, ɗigon asid don kada ƙarfen ya manne a jikinta, rubuta sunan rijiya da rana, sai na'urar awon ƙarafa irin wadda manyan jami'o'i ke da ita. A ɗiba da rani, a sake ɗiba bayan ruwan farko ya wanke gari. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda tana nan tun 1983 tana yaye masu aikin ɗakin gwaji. Ga Jami'ar Tarayya a Gusau, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Zariya akwai sashen folima da masaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, a Kaduna kuma akwai cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando. Da kowane ɗalibin da zai rubuta kundi a kan ɓawon gyaɗa zai cika bututu da garin nasa, ya ratsa ruwan wata rijiya ta gaske ta cikinsa na tsawon wata uku, ya rubuta ranar da dalma ta fara ɓullowa ta ƙasa, da wannan lamba ɗaya ta fi kashi casa'in ɗin nan amfani. Da ita ake sanin yaushe za a canza matata, da kuma nawa jarka za ta tsaya.

Kada kuma zancen matata ya mantar da kowa darasin Bagega. Can ba tace ruwa ne ya tsayar da mutuwar yara ba. Kankare ƙasar tsakar gida aka yi, gida bayan gida, aka kwashe aka binne, aka zuba sabuwa, da taimakon kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, kuma Bagega sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta kururuwa. Sarakuna da malamai suka sa baki aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Abin da magidanci zai iya yi yau ba ya bukatar folima: a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a rataye guga kada ya kwana a ƙasa, kada a wanke dutse ko a fasa batiri kusa da mashaya, wanda ya dawo daga wurin aikin dutse ya wanke jiki ya canza tufa kafin ya ɗauki yaro, kuma inda akwai burtsatse a fifita shi a kan kududdufi wajen sha da dama kunun jariri.

MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin jiha a farkon 2022. Haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa wa Zamfara a Afrilun 2019 an ɗage shi a Disambar 2024, kuma ba a yi wata biyar ba aka ba da rahoton ɓullar gubar dalma a Bungudu, maƙwabciyar Kaura Namoda ta kudu, har ministan ma'adinai Dele Alake ya sake ba da umarnin dakatar da aiki. Farashin zinariya a kasuwar duniya ya ninka na 2010 fiye da sau biyu, don haka injinan niƙa ba za su yi shiru ba. Rijiyoyin da ke kusa da su, da waɗanda ke bakin hanyar da buhunan dutse ke bi, su ne ya kamata kwalaben awo su fara isa gare su, kuma a manna sakamakon a ƙofar fadar hakimi da bakin asibiti, da Hausa, inda mai ɗiban ruwa zai ji abin da aka samu.